Daga Zungeru zuwa Lincoln

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a Jihar Neja, kuma da wuya shekara ta wuce ban kai ɗalibaina Zungeru ba. Mukan zaga kangayen da Turawa suka bari tun zamanin da garin yake hedikwatar Arewa, in gaya musu cewa a nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, lokacin da mahaifinsa yake aikin akawu a wurin Turawan mulki, kuma da Hausa ya tashi a bakinsa kafin a mayar da shi Onica yana ɗan shekara takwas. Amma idan na zo kan karatunsa na ƙasar waje, layi ɗaya tak nake da shi, wato ya yi digiri a Jami'ar Lincoln ta Amurka. Wata rana wata ɗaliba ta tambaye ni ko Lincoln ɗin ta kai Jami'ar Ahmadu Bello girma, na amsa mata da cewa lallai babba ce, domin haka nake zato. Saboda haka da Allah ya kai ni Filadelfiya a watan Oktoba don bikin auren 'yar yayana, abin da na fara roƙonsa bayan an watse shi ne ya ba ni yini ɗaya ya kai ni in ga wurin da idona.

Mun tashi da hantsi muka kama babbar hanya mai lamba 1 muka nufi kudu maso yamma. Tafiyar ba ta wuce kilomita 70 da 'yan kai ba, amma kafin a yi rabinta birni ya ƙare, sai gonakin masara da aka riga aka girbe, da dogayen rumbunan ƙarfe, da itatuwa waɗanda ganyensu ya rine ja da ruwan ɗorawa saboda kaka. A wajen garin Kennett Square wani wari na taki ya shigo motar, Yaya ya ce a nan ake noman laimar kwaɗi irin wadda ake ci, kuma daga wannan yanki ake samun kaso mai tsoka na wadda ake sayarwa a ƙasar. Can gaba muka rage gudu a bayan wani baƙin keken doki na mutanen Amish, waɗanda har yau ba su yarda da mota ba.

"Ka lura da inda muke," in ji Yaya, yana nuna kudu da hannu. "Iyakar Maryland tana nan kusa, tafiyar 'yan mintuna. A zamanin da kake son gani, wancan gefe ƙasar bauta ce, wannan gefe kuwa ƙasar 'ya'ya."

Wannan magana ita ce mabuɗin duk abin da na gani a ranar. Dokar kama bayin da suka gudu ta 1850 ta sa masu farautar mutane suna ƙetaro iyakar, kuma ba sa tantance wanda ya gudo da wanda aka haifa ɗa. A 1851 aka sace wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, Rachel da Elizabeth Parker, daga wannan yanki na Chester aka kai su Baltimore a matsayin bayi, alhali 'ya'ya ne. Cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka har aka dawo da su akwai limamin cocin Firesbiteriyan na garin Oxford da ke nan kusa, John Miller Dickey, mutumin da makarantar da muke nufa ta samo asali daga hannunsa.

Da muka iso, abin da ya fara kama ni shi ne ƙanƙantar wurin. Babu gari a kewaye da ita, sai gonaki da tuddai. Ana shiga ne ta wata ƙofa mai baka da tsofaffin ɗalibai suka gina don tunawa da 'yan makarantar da suka je Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a nan Shugaba Warren Harding ya tsaya ya yi jawabi a watan Yuni na 1921, kwanaki kaɗan bayan an ƙone unguwar baƙaƙen fata a Tulsa. Ɗalibanta a yau wajen dubu biyu ne. Tsangaya ɗaya a Samaru za ta iya haɗiye su. Na tuna amsar da na ba ɗalibata, na ƙudurta cewa in na koma zan neme ta in gyara maganata.

Wata ɗaliba 'yar aji uku, daga cikin waɗanda ake sa su zaga da baƙi, ita ta ɗauke mu. Da ta ji daga Nijeriya nake, nan take ta ce ta san ginin da nake so in gani, amma na roƙe ta mu fara daga tushe.

Tushen kuwa ba ya fahimtuwa sai an san su wane ne Firesbiteriyawa. Ɗariƙa ce ta Kirista da ta samo koyarwarta daga John Calvin na Janeba, ta yi ƙarfi a Sikotlan a hannun John Knox. Sunan daga kalmar Girkanci yake mai ma'anar dattijo, domin ba bishop ne yake mulkin cocinsu ba, majalisar dattawa ce da jama'a suke zaɓa. Abin da suka fi tsanantawa a kai shi ne ba sa naɗa limami sai mai zurfin karatu, wanda zai iya karanta littafinsu a harsunansa na asali, Ibrananci da Girkanci. Shi ya sa duk inda baƙinsu daga Sikotlan da arewacin Ailan suka yada zango a Amurka, da coci da makaranta tare suke tashi. Daga cikinsu Jami'ar Princeton ta fito a 1746, kuma a New London, kusa da inda muke tsaye, wani limaminsu Francis Alison ya buɗe makaranta a 1743 wadda ita ce kakar Jami'ar Delaware. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi a inda malami yake buɗe makaranta a zauren gidansa. Mu ma a Nijeriya mun ga aikinsu, domin su ne suka kafa makarantar Hope Waddell a Kalaba a 1895, inda Azikiwe ya taɓa zama ɗalibi kafin ya koma Legas.

Sai dai wannan sharaɗi na karatu ya zama katanga ga baƙar fata. Ana cewa ba za ka zama limami ba sai ka yi karatu, sannan makarantun da ake karatun ba sa karɓarka. A kan wannan katanga wani saurayi mai suna James Ralston Amos ya tsaya. Ɗan wani ƙauye ne na 'yantattun baƙaƙe da ake kira Hinsonville, wanda a kan filayensa makarantar take zaune yanzu. Ya je wurin Dickey yana neman hanyar karatu, Dickey ya nema masa gurbi a makarantun ɗariƙarsu, har da ta horar da limamai a Princeton, aka ƙi. Sai ya riƙa koya masa da kansa, Amos yana takowa a ƙasa zuwa Oxford yana komawa. Ɗalibar ta ba mu labarin da ake gadonsa a makarantar, cewa akwai wani dutse a bakin hanya inda Amos yakan durƙusa ya yi addu'a, kuma a daidai wurin aka aza ginin farko. Daga baya Dickey da matarsa Sarah Emlen Cresson, wadda ta fito daga gidan 'yan ɗariƙar Kwaka na Filadelfiya, suka ga cewa ba za a yi ta koyar da mutum ɗaya-ɗaya a falo ba. Ranar 29 ga Afrilu, 1854, Jihar Pensilbeniya ta ba su takardar izini, aka fara karatu a farkon 1857. Makarantar tana alfahari da cewa ita ce ta farko a Amurka da aka kafa domin ba baƙaƙen fata digiri.

Sunanta na farko ba Lincoln ba ne, Cibiyar Ashmun ce, kuma a kan wannan suna na fi daɗewa ina tunani. Jehudi Ashmun shi ne Baturen da ya riƙe sansanin Laberiya a shekarun 1820 da sunan ƙungiyar da take kwashe 'yantattun baƙaƙen Amurka tana mayar da su Afirka. Dickey mai goyon bayan wannan ƙungiya ne. A ganinsa, amfanin ilmantar da samari irin su Amos shi ne su haye teku su kai bishara Afirka. Ba na shakkar cewa mutumin ya tausaya wa baƙar fata, domin wanda ya bi sawun 'yan matan da aka sace, ya kuma zuba dukiyarsa a makarantar da maƙwabtansa da yawa ba sa so, ba a ce masa munafuki. Amma ba zan ɓoye ba cewa akwai gajarta a hangensa. Ya iya hango baƙar fata yana wa'azi a gaɓar Laberiya, bai iya hango shi yana zaune a kujerar alƙali a Washington ba. Yawancin shugabannin baƙaƙe na zamanin, irin su Frederick Douglass, sun ƙi shirin kwashewar, suna cewa ƙasar da guminsu ya gina tasu ce. A wannan muhawara ni ina tare da su.

Ɗaliban farko uku da suka kammala a 1859, wato James Amos da ɗan'uwansa Thomas da Armistead Miller, duk Laberiya suka tafi kamar yadda aka tsara, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya tsufa. Sai yaƙin basasar Amurka ya zo ya rushe lissafin gaba ɗaya. Bayi kusan miliyan huɗu suka sami 'yanci, ana bukatar malamai da limamai da likitoci a cikin gida fiye da yadda ake bukatarsu a ƙetare. A 1866, shekara guda bayan an kashe Abraham Lincoln, aka sauya wa makarantar suna zuwa nasa. Igiyar Afirka kuwa ba ta tsinke ba, sai dai ta juya, domin a 1873 samari goma suka zo daga Laberiya don karatu, daga baya wasu suka biyo daga Afirka ta Kudu.

Mun zauna a kan benci a gaban wani tsohon gini na jan bulo, ɗalibar ta shiga ba mu labarin zamanin da ake yi wa wurin laƙabi da Princeton ta baƙaƙe. Isaac Norton Rendall ya shugabanci makarantar shekara arba'in, daga 1865 zuwa 1905, ɗan ɗan'uwansa John Ballard Rendall ya gaje shi har 1924. Malaman galibi limaman Firesbiteriyan ne da suka fito daga Princeton, kuma abin da aka koya musu shi suka koyar ba ragi, Latin da Girkanci da lissafi da falsafa, a lokacin da masu kuɗi da yawa suke ganin sana'ar hannu kaɗai ta dace da baƙar fata. Wannan abin yabo ne, kuma ya yi 'ya'ya. Makarantar tana cewa a cikin shekara ɗarinta na farko, kusan ɗaya cikin biyar na likitoci baƙaƙe a Amurka, da fiye da ɗaya cikin goma na lauyoyinsu, daga nan suka fito.

Amma duk tsawon wannan zamani malaman farar fata ne zalla. Tsofaffin ɗalibai sun yi ta kai kuka cewa makarantar da ta iya yaye likita da lauya ta kasa yarda ɗanta ya tsaya a gaban allo, majalisar amintattu tana toshe kunne. A 1929 wani ɗalibi, marubucin nan Langston Hughes, ya yi bincike a tsakanin manyan ɗalibai don wani darasi, ya gano cewa mafi yawansu sun fi son a bar malaman yadda suke. Wannan ya fi komai taɓa ni a duk ziyarar. Samari ne haziƙai, an cika kansu da karatu, amma an bar su da shakkar cewa mai kama da su zai iya koyar da su. Na san wannan ciwo, domin na taso na tarar da dattawan da suke ganin magani bai zama magani ba sai Bature ya rubuta shi. Sai a farkon shekarun 1930 aka ɗauki baƙar fata a matsayin farfesa, sannan a 1945 aka naɗa Horace Mann Bond, tsohon ɗalibin wurin, shugaba baƙar fata na farko, bayan shekara casa'in da ɗaya da kafuwarta.

Daga nan ta kai mu ginin da ta ambata tun farko. Ƙaramin gida ne da aka gina a 1865, kuma shi ne mafi tsufa da ya rage a harabar. Sunansa Zauren Azikiwe da Nkrumah. Na tsaya a gabansa na daɗe ban ce komai ba, har Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, gani ya kori ji."

Azikiwe ya isa Amurka a 1925, ya bi ta Kwalejin Storer da Jami'ar Howard yana wankin kwanuka da aikin ƙarfi don biyan kuɗin makaranta, kafin ya kammala a Lincoln a 1930, a aji ɗaya da Thurgood Marshall, wanda daga baya ya zama shahararren lauya kuma alƙali. Ya ƙara karatu a Jami'ar Pensilbeniya, ya kuma koyar a Lincoln, sannan ya koma Afirka a 1934 ya kama aikin jarida a Akara, daga baya ya kafa tasa a Legas a 1937. A Gana ne wani matashin malamin makaranta, Kwame Nkrumah, ya ji maganganunsa ya ƙudurta bin sawunsa. Nkrumah ya iso nan a 1935 aljihunsa kusan fanko, ya yi tallan kifi a Harlem, unguwar baƙaƙe a New York, ya yi aiki a jirgin ruwa lokacin hutu, ya yi digirinsa na farko a 1939, sannan ya shiga sashen horar da limamai ya kammala a 1942, yana yawon wa'azi a cocin baƙaƙe. Mutane da yawa ba su san cewa mutumin da ya karɓi 'yancin Gana a 1957 ya yi karatun limanci a hannun Firesbiteriyawa ba. A nan kuma Ako Adjei ya yi karatu, wanda shi ne ya ba da shawarar a kira Nkrumah gida a 1947 ya riƙe sakataren jam'iyyar masu neman 'yanci. K. O. Mbadiwe na Nijeriya ma ta nan ya bi. A 1951, watanni kaɗan bayan fitowarsa daga kurkukun Turawa, Nkrumah ya dawo wannan fili ya karɓi digirin girmamawa.

Na tambayi kaina me waɗannan samari suka samu a tsakiyar gonakin masara da ba su samu a Legas ko Akara ba. Abin da na fahimta shi ne, ba darasin aji kaɗai ba ne. Sun kwana ɗaki ɗaya da jikokin bayi, sun ga yadda ake hana abokansu kujera a gidan sinima na Oxford, sun ji yadda ake gardama a kan doka da 'yanci har tsakar dare, sai suka gane cewa abin da yake damunsu a gida da abin da yake damun waɗannan a nan reshe biyu ne na itace ɗaya. Namu shugabannin na Arewa wata hanya suka bi. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, ita ma ƙarama ce, ita ma Turawa ne suka kafa ta da manufa mai iyaka, wato samar da malamai, amma ta fitar da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Lokacin da aka zauna teburin neman mulkin kai, ɗan Lincoln da 'yan Katsina ne suka fuskanci juna, kuma a 1960 Azikiwe ya zama Gwamna Janar, Tafawa Ɓalewa kuwa yana Firayim Minista. Ban taɓa koyar da wannan darasi ta wannan fuska ba sai da na tsaya a gaban ginin nan.

Zamanin Bond ya kawo abubuwa da sauri. A watan Mayu na 1946 Albert Einstein, wanda ba ya yawan karɓar gayyatar jami'o'i, ya zo ya yi wa ɗalibai lacca, ya kira wariyar launin fata cuta ce ta farar fata. A 1953 aka gyara takardar izinin makarantar domin mata su sami digiri. A 1954, shekara ɗari cif da kafa Cibiyar Ashmun, Thurgood Marshall ya ci shari'ar da ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata, kuma a 1967 ya zama baƙar fata na farko a Kotun Ƙolin Amurka. A daidai wannan lokaci igiyar coci tana sassautawa. An rufe sashen horar da limamai a 1959, sannan a 1972 makarantar ta shiga sahun jami'o'in da Jihar Pensilbeniya take tallafa wa. Nasarar Marshall kanta ta jawo mata wahala, domin da manyan jami'o'i suka buɗe ƙofa, haziƙan da a da ba su da zaɓi sai Lincoln suka sami wuraren zuwa. Duk da haka ta rayu, har mace ta shugabance ta a 1987, Niara Sudarkasa, masaniyar da ta yi bincikenta a ƙasar Yarbawa.

Abin da ya rage na Firesbiteriyawa a fili shi ne ɗakin ibada na Mary Dod Brown, ginin jan bulo mai hasumiya na ƙarshen ƙarni na 19, da kuma taken makarantar da aka ɗauko daga Linjilar Yohanna, wanda yake magana a kan zama 'yantacce na gaske. Mun leƙa ciki muka ga kujerun katako da hasken rana yana ratso tagogi. Na yi tunanin Nkrumah yana gwada wa'azinsa a nan, da kuma samarin da suka zauna shekara da shekaru suna sauraren malaman da suke ƙaunarsu amma ba su yarda su zama abokan aikinsu ba. Azahar ta yi muna wurin, ɗalibar ta nuna mana inda za mu yi alwala, muka shimfiɗa rigunan sanyinmu a kan ciyawa a gindin wata itaciya muka yi salla. Ɗalibai suna wucewa, wasu suka kauce don kada su gifta ta gabanmu.

Kafin mu kama hanya ta ce akwai wuri ɗaya da yawancin baƙi suke wucewa ba su lura ba. A bakin titi, dab da harabar, akwai wani ɗan ƙaramin coci na bulo mai ɗaki ɗaya, sunansa Hosanna. Mutanen Hinsonville ne suka kafa shi a 1843, shekara goma sha ɗaya kafin a ba Dickey takardarsa, kuma ya kasance mafaka ga bayin da suke gudowa daga Maryland. Makarantar ta yi ta faɗaɗa har ta cinye gonakin ƙauyen, wannan ɗaki da maƙabartarsa kaɗai suka saura. A cikin kaburburan akwai na mutanen ƙauyen da suka shiga rundunar baƙaƙe a yaƙin basasa. A littattafan da na karanta, labarin yakan fara ne da limamin Oxford da matarsa, amma a nan na ga cewa kafin Dickey ya yi tunanin makaranta akwai jama'ar da ta riga ta mallaki gona, ta gina wurin ibada, ta kuma haifi yaron da ya taka a ƙasa ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Na durƙusa ina share busasshen ganye daga kan wani dutsen kabari don in karanta rubutun, amma ruwa da sanyi sun cinye rabinsa. Yaya ya kira ni daga mota, ya ce in muka ƙara jinkiri cunkoson yamma zai tare mu a Filadelfiya. Na ɗauki hoton cocin da na Zauren Azikiwe da Nkrumah, biyun da zan nuna wa ɗalibaina a tafiyarmu ta gaba zuwa Zungeru, na yi wa ɗalibar godiya, muka juya muka hau hanya.